Tsagewar Babbar Jijiyar Jini Ga Mai Juna Biyu: Alamominta Da Yadda Ake Tiyatarta Cikin Gaggawa



A ɗakin awon ciki, da wuya rana ta wuce ba mu ji mace ta yi kukan ƙirjinta yana ciwo ba. Mafi yawa ƙwannafi ne, wanda ciki ke kawowa idan ya tsufa, kuma magani kaɗan yake buƙata. Amma akwai wani ciwon ƙirji na daban, wanda ba ya jiran gari ya waye. Shi ne tsagewar babbar jijiyar jini. Ba kasafai yake faruwa ba, don haka kada ki tsorata. Dalilin kawo shi a wannan fitowa shi ne, ranar da ya faru babu lokacin dogon bayani. Likita zai zo da takarda yana neman a sa hannu, yana maganar buɗe ƙirji da sa kanula a cinya ko a kafaɗa. Iyalin da suka taɓa jin bayanin sun fi saurin yanke shawara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

MECE CE BABBAR JIJIYA?

Duk jinin da zuciya ke harbawa zuwa sassan jiki ta jijiya ɗaya yake fita. Likitoci suna kiranta ayota. Faɗinta ya kai santimita 2 zuwa 3, wato ta ɗan fi babban yatsan hannu kauri. Tana tashi daga zuciya ta yi sama, ta lanƙwasa kamar kan sandar makiyayi, sannan ta gangara ta bayan ƙirji zuwa ciki, inda take rabuwa biyu zuwa ƙafafu. A kan hanya tana ba da rassa zuwa ita zuciyar kanta, da ƙwaƙwalwa, da hannuwa, da hanji, da ƙoda.

Bangon wannan jijiya hawa 3 ne: na ciki, da na tsakiya, da na waje. Idan na ciki ya tsage, jini yakan kutsa ta wurin tsagar da ƙarfi, ya raba bangon biyu, kamar yadda ruwan sama ke shiga tsakanin yaɓe da katanga ya ɗaye shi. Daga nan jijiyar ta zama tana da hanya biyu: hanyar asali, da ɓarauniyar hanya wadda jinin ya buɗa wa kansa. Ki riƙe wannan bayani da kyau, domin duk maganar tiyata a kansa take.

Ɓarauniyar hanya tana ɓarna iri uku. Tana iya danne hanyar asali ta toshe bakin wani reshe, sai ƙwaƙwalwa ko ƙoda ko ƙafa ta rasa jini. Tana iya lalata marfin ƙofar zuciya, jini ya riƙa komawa baya. Tana kuma iya fashewa, jini ya taru a jakar da ke kewaye da zuciya ya hana ta bugawa.

Tun shekarar 1970 likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka suka kasa ciwon gida biyu. Idan tsagewar ta shafi sashen da ya tashi daga zuciya, ana kiranta nau'in A, kuma maganinta tiyata ce nan take. Idan ba ta shafi wannan sashe ba, nau'in B ce, wadda galibi ake fara yi wa magani da allurai da ƙwayoyin sauko da hawan jini. Wannan darasi a kan nau'in A yake.

ME YA HAƊA TA DA JUNA BIYU?

Lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, zuciya kuma tana ƙara yawan bugu da ƙarfinsa. Sinadaran ciki, waɗanda ke sassauta jiki domin haihuwa, suna sassauta bangon jijiyoyi su ma. Jijiya mai lafiya tana jure wannan duka. Wadda dama take da rauni ita ce abin ji, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa mata 5 zuwa 6 ne cikin miliyan 1 ke samun tsagewa ko fashewar wannan jijiya lokacin ciki da jego. Adadin kaɗan ne ƙwarai, amma ya ninka na lokacin da ba ciki kusan sau 4. An fi samunsa a watanni 3 na ƙarshen ciki da makonnin farko bayan haihuwa.

WA YA FI SHIGA HAƊARI?

1. Mai hawan jini, ko na da can ko wanda ciki ya kawo, musamman wadda ba ta shan magani yadda aka ce.

2. Mai larurar Marfan. Wannan larura ce ta gado, wadda wani likitan yara na Faransa, Antoine Marfan, ya fara bayyanawa a 1896. Tana samun kimanin mutum 1 cikin 5,000. Masu ita galibi dogaye ne sirara, masu dogayen hannuwa da yatsu. Ƙirjinsu kan lotsa ciki ko ya turo waje, ƙashin baya kan karkace, kuma da yawa ba sa gani da kyau tun suna yara. Duk ɗan da mai larurar ya haifa, damar ya gaje ta rabi da rabi ce. Shahararriyar 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, Flo Hyman, ta faɗi ta rasu ana cikin wasa a Japan a 1986, kuma sai bayan rasuwarta aka gane larurar Marfan ce ta tsaga mata jijiya. Tsawo kaɗai dai ba cuta ba ne. Likita ne zai tantance.

3. Wadda aka haifa da marfin ƙofar zuciya mai ɓari 2 maimakon 3. Kusan mutum 1 cikin 100 haka yake, kuma da yawa ba su sani ba.

4. Mai larurar Turner, ko Loeys-Dietz, ko nau'in Ehlers-Danlos mai shafar jijiyoyi.

5. Wadda a danginta na jini, iyaye ko 'yan'uwa, wani ya taɓa samun wannan ciwo, ko ya yi mutuwar fuju'a yana da ƙuruciya ba a san dalili ba.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ki, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya tun ranar awon farko, ko da ba a tambaye ki ba.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Babbar alama ita ce ciwo mai tsanani a ƙirji ko a baya tsakanin kafaɗu, wanda ya zo farat ɗaya kuma da cikakken ƙarfinsa tun daga farko. Masu shi kan ce kamar an soka musu wuƙa, ko kamar ana yaga wani abu a ciki. Ciwon kan yi tafiya zuwa wuya, ko muƙamuƙi, ko ya gangara ciki. Ƙwannafi kuwa zafi ne mai tasowa a hankali, galibi bayan cin abinci ko kwanciya.

Wasu alamomin da kan biyo baya su ne suma, da gumi mai sanyi, da sarƙewar numfashi, da karkacewar baki ko harɗewar magana, da mutuwar hannu ko ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta yi sanyi tana ciwo.

Idan haka ta faru, ko da tsakar dare ne, a nemi mota a tafi babban asibiti mafi kusa. Kada a tsaya a kemis, kada a ba ta asfirin ko jiƙo, kada a ba ta abinci ko abin sha. A kwantar da ita ta gefen hagu, a ɗauko katin awo. Tsofaffin alƙaluman likitoci sun nuna cewa a kwana 2 na farko, cikin kowane mutum 100 masu nau'in A da ba a yi wa aiki ba, ana rasa 1 zuwa 2 a kowace awa.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Za a auna jini a hannu biyu, domin bambanci mai yawa tsakaninsu alama ce. Za a yi gwajin bugun zuciya, da hoton zuciya na eko, sannan hoton siti-sikan tare da allurar da ke haska jijiyoyi. Wasu iyalai kan ƙi siti-sikan don tsoron kada haskensa ya taɓa jariri. Hasken da ke isa ga jariri daga hoton ƙirji kaɗan ne, haɗarin rashin gano ciwon kuwa ya shafi ran uwa da na ɗa. Za a ba ta maganin ciwo mai ƙarfi da allurar rage bugun zuciya da sauko da jini, kamar labetalol.

Ba kowane asibiti ke yin tiyatar buɗe zuciya ba, ko da na koyarwa ne. A Nijeriya an fara yin ta ne a 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, kuma har yau cibiyoyin da ke yin ta ba su da yawa. Idan aka ce za a tura ku wani asibiti, ku amince da wuri.

UWA KO JARIRI, WA ZA A FARA?

Ya danganta da watannin ciki. Idan ciki ya kai kimanin mako 28 ko ya wuce, akan fara ciro jariri ta tiyata, a miƙa shi ga likitocin jarirai, sannan a buɗe ƙirjin uwa a wannan shigar ɗaya. Idan bai kai ba, akan gyara jijiyar jaririn yana ciki. Gaskiyar magana ita ce a wannan hali ana iya rasa cikin, amma jaririn da bai isa haihuwa ba ba shi da wata hanyar tsira sai ta ran mahaifiyarsa.

NA'URA MAI RIƘON ƘWARYA

Ba a ɗinka jijiya jini yana gudu a cikinta. Don haka akan tsayar da zuciya, a bar wata na'ura ta yi riƙon ƙwaryar aikin zuciya da huhu. Wani likita a Amurka, John Gibbon, shi ya fara cin nasarar tiyata da ita a 1953. Bututu ɗaya yana janye jini daga gefen dama na zuciya zuwa na'urar. Na'urar ta sa masa iskar oksijin, ta sanyaya shi ko ta ɗumama shi, sannan wani bututun ya mayar da shi jiki ta cikin jijiya mai harbawa.

Kin san kanular da ake sa miki a bayan hannu don ƙarin ruwa. Wannan ma kanula ce, sai dai kaurinta ya kai na ƙaramin yatsa, domin lita 4 zuwa 5 na jini ke bi ta cikinta a kowane minti. A sauran tiyatar zuciya, kai tsaye ake sa ta a babbar jijiya. Amma a nan babbar jijiyar ce ta tsage. Idan kanula ta faɗa ɓarauniyar hanya, na'urar za ta hura ta da jini, ta ƙara danne hanyar asali, ƙwaƙwalwa da ƙoda su rasa jini, ko ma bangon ya fashe. Shi ya sa shawarar farko mafi nauyi ga likitan tiyata ita ce: ta ina zan mayar da jinin nan?

WURAREN DA AKE SA KANULA

1. Jijiyar gindin cinya. Ita ce tsohuwar hanya. Ana ɗan tsaga fata a inda cinya ta haɗu da mara, a sami jijiyar a kusa. Amfaninta sauri. Idan jinin mara lafiya ya faɗi ƙasa sosai, ana iya ɗora ta a kan na'ura ta nan tun kafin a buɗe ƙirji. Matsalarta ita ce jinin yana tafiya a juye, daga ƙasa zuwa sama, ta cikin jijiyar da ta tsage, don haka yana iya shiga ɓarauniyar hanya. Ga tsofaffi yana iya ɓamɓaro dattin kitse daga bango ya kai ƙwaƙwalwa. Haka nan ƙafar da aka sa kanular na iya ƙarancin jini na ɗan lokaci. Likita kan zaɓi gefen da tsagewar ba ta kai ba.

2. Jijiyar hammata ta dama. Ana tsaga fata a ƙarƙashin ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Da yake jijiyar tana da laushi, yawanci akan ɗinka mata wani ɗan bututun saƙa mai faɗin milimita 8 a gefe, sai a haɗa na'urar da shi. Wannan hanya ta yaɗu tun tsakiyar shekarun 1990. Tsagewar ba ta cika kaiwa nan ba, jinin kuma yana bin hanyarsa ta ɗabi'a. Babban amfaninta shi ne, lokacin da aka tsayar da gudun jini a sauran jiki, ana iya ci gaba da shayar da ƙwaƙwalwa ta nan. Matsalarta tana ɗaukar lokaci, kuma jijiyoyin motsin hannu suna kusa, don haka wasu kan ji hannu ya yi nauyi ko yana sagewa bayan aiki.

3. Ita babbar jijiyar kanta. Bayan an buɗe ƙirji, likita kan soka allura, ya zura siririyar waya, sannan ya bi kan wayar da kanula. Wannan dabara ta waya wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Seldinger, ya ƙirƙiro ta a 1953. Ba a yin haka da ka. Akwai na'urar eko da ake zurawa ta maƙogwaro bayan mara lafiya ta yi barci, wadda ke nuna cewa wayar tana cikin hanyar asali. Wannan hanya tana da sauri, kuma ba ta buƙatar wani yanka na daban, amma tana buƙatar ƙwarewa.

Akwai wasu wuraren da ake amfani da su idan waɗannan ba su yiwu ba, kamar jijiyar wuya, ko babban reshe na farko da ya fita daga babbar jijiya, ko ta tsinin zuciya. Wani lokaci akan sa kanula biyu, ɗaya a hammata ɗaya a cinya.

Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2022 sun fifita hammata a kan cinya idan hali ya yi, sun kuma amince da sawa kai tsaye idan akwai hoton da ke jagora. Duk da haka babu hanya ɗaya da ta dace da kowa. Hoton siti-sikan da halin da mara lafiya ke ciki su ne ke yanke hukunci. Yayin aiki ana sa wasu ƙananan kanuloli a jijiyar wuyan hannu, sau da yawa hannu biyu, masu nuna ƙarfin jini a kowane bugu. Idan suka nuna wani sashe ba ya samun jini, likita zai canja wurin kanula nan take. Saboda haka idan kuka ga ɗinki a ƙirji da kafaɗa da cinya, ba kuskure aka yi ba.

Bayan an ɗora ta a kan na'ura, akan sanyaya jiki daga digiri 37 zuwa tsakanin 20 da 28, wani lokaci ƙasa da haka, domin jiki mai sanyi ba ya buƙatar iska da yawa. Sai a yanke sashen da ya tsage, a ɗinka bututun saƙa mai ƙwari a madadinsa, a gyara marfin ƙofar zuciya ko a canja shi idan ya lalace. Aikin kan ɗauki awa 5 ko fiye.

AIKIN MAIGIDA DA DANGI

Na farko, sa hannu da wuri. Maigida, idan kana tafiya, ka bar izini ga wani babba a gida, ita ma matar ta san tana da ikon sa wa kanta hannu. Neman shawarar dangi abu ne mai kyau, amma a yi shi ta waya cikin mintuna.

Na biyu, jini. Wannan tiyata tana cin jini da yawa. A tara masu bayarwa tun da aka ambaci tiyata.

Na uku, ku san cewa kafin a sa kanula ana ba da allurar heparin mai hana jini daskarewa, don kada ya toshe na'urar. Ga macen da aka ciro wa jariri yanzu, wannan na iya sa mahaifa ta zubar da jini. Likitocin mata za su yi duk dabarar tsayar da shi, amma idan ya gagara akan cire mahaifar don ceton rai. Za a gaya muku wannan kafin a shiga.

Na huɗu, ku san girman aikin. Alƙaluman wata rajista ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1996 sun nuna ana rasa kimanin mutum 2 cikin 10 na waɗanda aka yi wa tiyata, amma fiye da 5 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa ba. Rai a hannun Allah yake, neman magani kuwa wajibinmu ne.

BAYAN TIYATA

Za ta yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. Ƙashin tsakiyar ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A wannan lokaci babu daka, babu jan ruwa a rijiya, babu goyo, babu ɗaukar kaya mai nauyi. A riƙa miƙa mata jariri tana zaune da matashi a ƙirji. Shayarwa galibi tana yiwuwa. A tambayi likita game da kowane magani. Wadda aka sa wa marfin ƙarfe za ta riƙa shan warfarin har ƙarshen rayuwa, tare da gwajin jini a kai a kai.

A duba wuraren kanula kullum. A dawo asibiti idan wurin ya kumbura, ko ya yi ja, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ƙafa ta yi sanyi, ko hannu ya rasa ƙarfi, ko zazzaɓi ya zo.

Iyaye mata, a yi haƙuri da kunun kanwa da wankan jego na tafasasshen ruwa. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana hawar da jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar waɗannan al'adu da ciwon zuciyar masu jego. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kuma kada ya taɓa ɗinki sai an ba da izini.

Sauran jijiyar da ba a canja ba tana buƙatar sa ido, don haka maganin hawan jini da zuwa hoto ba su da ranar dainawa. Kada a sake ɗaukar ciki sai an zauna da likitan zuciya. 'Yan'uwanta na jini da 'ya'yanta su ma a kai su a yi musu hoton zuciya.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ki fara awo da wuri, kuma kada ki tsallake. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 hawan jini ne, ko da ba kya jin komai. Idan kina shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan, ki gaya wa likita da zarar kin yi ɓatan wata, domin ba su dace da ciki ba, za a canja miki. Mai larurar Marfan ta yi hoton eko kafin ta ɗauki ciki. Idan faɗin jijiyar ya wuce milimita 45, ana ba da shawarar a gyara ta tukuna. Idan tana da ciki, za a riƙa maimaita hoton kowane mako 4 zuwa 12 har bayan haihuwa, kuma ta haihu a asibitin da ke da likitocin zuciya, ba a gida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki ajiye wannan takarda tare da katin awonki, ki ba maigida ya karanta, a kuma karanta wa wadda ba ta iya ba. Idan kina da tambaya, ki same mu a ɗakin awo.

Allah ya raba ku lafiya, ya raya abin da za a haifa. Amin.